Kan Jirgin da Ya Ɓata a Cikin Dutsen Kwali

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis Baba Direba ya murɗa makunni don jirgi ya fito daga cikin dutse, jirgi bai fito ba. Ya sake murɗawa. Fitilun 'yar tasha suka kama, hannun sigina ya ɗaga, amma bakin ramin nan ko motsi.

"Mai Agogo, injinka ya tashi da zazzaɓi," in ji shi.

"Injina bai san zazzaɓi ba. Hannunka ne ke rawa, ba ka murɗa daidai ba."

Dutsen na kwali ne da takarda, tsayinsa bai wuce gwiwar mutum ba, yana zaune a ƙarshen wani dogon tebur da ya cinye rabin ɗakin. Ɗakin kuwa tsohon sito ne a bayan tashar jirgin ƙasa, inda mutum huɗu suke haɗuwa suna ƙera ƙananan jirage, irin waɗanda kan jirgi ɗungurungum bai fi tafin hannu ba. Kullum in za a tashi, cikin dutsen nan ake kwantar da jirgi saboda ƙura.

Mai Agogo ya ɗaga murfin dutsen mai gindin katako, ya tsaya riƙe da shi. Taragai huɗu na tsakiya suna nan a kan dogo, suna ƙyalli. Kan jirgi babu. Taragon ƙarshe ma babu.

Mai Fenti ta shigo ke nan da goyonta, ba ta ko ajiye jakar burusai ba. Ta leƙa. Abin da ya ɓata duk aikin hannunta ne. Sana'arta rubuta allunan shaguna, amma shekara biyu ke nan tana zuwa ɗakin nan, kuma wata shida ta yi a kan waɗannan biyun. Ta kankare tsatsa ta gaske daga tsohuwar ƙusa ta shafa a gindin ƙofofi. Ta goga garin fensir a kan ƙarfen da hannu ke yawan kamawa har ya yi sheƙin tsufa. Ta ja farin layi siriri inda ruwa ke ɗiga daga tukunyar injin, ta daka gawayi ta zuba a ma'ajinsa, ta saƙala wa ɗan mutumin da ke zuba gawayin tsumma a aljihun baya. Makon jiya jami'ar gidan tarihi ta zo ta zagaya tebur, ta wuce duk masu ƙyalli, ta tsaya a kan nata ta ce, "Wannan har ƙaurinsa nake ji." Ta ce ranar Asabar, bayan 'yan makaranta sun gama kallo, za ta tafi da su biyun a sa su cikin gilashi, da sunan mai aikin a ƙasa.

Tun ranar nan gaisuwa ta gajarce a ɗakin.

Aka duba ƙarƙashin tebur, aka duba kan kanta da bayan ƙofa. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, taga kuma da ƙarfe.

"Jiya wa ya fita ƙarshe?" in ji Mai Agogo.

"Ni na rufe," in ji Baba Direba.

"Kafin ka rufe fa?"

Tsohon ya sosa gemu. "Yarinyar ta koma ɗauko gorar ruwanta. Ina bakin ƙofa ina jiranta."

"Da jakar makaranta a bayanta. Kuma kowa a nan ya ji abin da ta ce jiya."

Kowa ya ji. Wushirya, 'yar Mai Fenti mai shekara takwas, ta gaji da jira a kan benci, ta buga ƙafa ta ce da ma jirgin nan ya ɓata kowa ya huta.

"Malam, 'yata kake nufi?" in ji Mai Fenti.

"Ban kira suna ba. Lissafi nake yi."

Baba Mai Tuta, wanda shi ya fara kawo ta ɗakin nan, shi kuma ke ajiye wa Wushirya alewa a aljihu, ya gyara zama a kujerarsa ya ce cikin taushin murya, "A bi a hankali. Yaro yaro ne. In an lallaba ta za ta fito da shi."

Wannan taushin ya fi maganar Mai Agogo yi mata zafi, don shi ya mayar da zato ya zama hukunci.

Baba Direba shi ne shugaba, kuma mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ce daga nan zuwa yammacin Juma'a, in abu bai fito ba, dole ya gaya wa jami'ar abin da ake zato, kuma daga ranar ba a ƙara shigowa da yara. Mai Fenti ta san abin da bai faɗa ba. 'Yan makarantar da za su zo ranar Asabar 'yan ajin Wushirya ne, malamarsu kuma ƙawar jami'ar ce. Kalma ɗaya za ta bi yarinyar har cikin aji, kuma irin wannan kalma sabulu ba ya wanke ta.

"Ku ba ni minti goma ni kaɗai da teburin nan," ta ce. "Kada a taɓa komai."

Suka fita waje. Ta gyara goyo, ta ɗauko madubin ƙara girma, ta sunkuya.

Abu na farko, sarƙoƙi. Kowane tarago da 'yar sarƙa mai ido uku ake ɗaure shi da na gabansa, sirantarta kamar ƙafar tururuwa, kuma sai da matsefata ake cire ta daga ƙugiya. In aka fizge tarago da hannu, idon tsakiya ke buɗewa. Ta duba gaba, ta duba baya. Duka biyun suna rataye lafiya, ba wadda ta ko lanƙwashe.

Abu na biyu, dogon da ke cikin dutsen yana da ɗan gangare zuwa wata 'yar gada da ke waje. In ba kan jirgi, taragai su gangara. Ba su gangara ba, don an karya tsinken ashana an tokare ƙafar na gaba.

Abu na uku ta daɗe tana kallonsa. Akwai wata 'yar jar fitila, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, wadda ita da kanta ta rataya jiya a bayan taragon ƙarshe. Taragon ya tafi, amma fitilar ba ta bi shi ba. Ga ta nan a bayan tarago na huɗu, zaune daram a kan ƙugiyarta.

Ta ɗauki hoto da waya, ta rufe murfin dutse, ba ta ce wa kowa komai ba.

Ƙarfe ɗaya ta je ɗauko Wushirya daga makaranta. Ba ta yi maganar a hanya ba. Sai da suka isa gida, yarinyar ta ci abinci, ƙaninta ya yi barci, sannan ta zaunar da ita a bakin gado. Zuciyarta na gaya mata abin da ta gani ya isa, amma ita ba mace ba ce da ke gina ɗaki a kan zuciya kawai.

"Jiya da kika koma ɗauko gora, me kika yi?"

"Na ɗauko gora."

"Sai me?"

Wushirya ta sa harshe a giɓin haƙoranta. "Na yi wa dutsen gwalo."

"Kin buɗe shi?"

"Ai murfin ya fi ƙarfina, Mama. Ran nan ma da na gwada sai da ya matse mini yatsa."

"Jirgin ya ɓata."

Yarinyar ta zaro ido. Abin da Mai Fenti ta gani a fuskar nan da fari ba tsoro ba ne, wani ɗan farin ciki ne da ya leƙo ya koma. Sai kuma ta fahimci dalilin tambayar.

"Cewa aka yi ni ce?"

"Ni ban ce ba."

"Amma kin tambaye ni." Hawaye suka zubo. "Ni ba na son shi, gaskiya ne. In kina yi masa fenti ko na kira ki sau uku ba kya ji. Har labule kika yi masa da hankicina. Amma ban ɗauka ba."

Mai Fenti ta jawo ta jikinta. Ta ɗauko matsefata daga jaka da wata 'yar sarƙa da ta rage, ta ce ta rataya mata a kan ƙugiya. Wushirya ta yi ta fama tana jan hanci, sarƙar ta faɗi sau biyar, a na shida ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado.

"Shi ke nan," in ji uwar. "Wanke fuskarki. Maganar kira sau uku kuma, na ji, laifina ne."

Makullan ɗakin uku ne, ɗaya a hannun kowane namiji. Ta fara da wanda ya fi ɗaga murya.

Shagon Mai Agogo ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da batir. Agogai goma sha wani abu a bango, kowanne da lokacinsa. Yana sunkuye da madubi maƙale a ido ɗaya, bai ɗago ba.

"In kin zo faɗa ne, ina da aiki."

"Tambaya na zo yi, Malam. Yau da safe ƙarfe nawa ka isa ɗakin?"

"Tare muka shiga da Direba. Kafin nan ina nan, tambayi mai takalmi, tun bakwai yake damuna da rediyonsa."

"Kana jin haushina."

Sai a nan ya ɗago. "Ƙwarai kuwa. Wa ya naɗa wayar injin nan? Wa ya yanka haƙoran giya guda goma sha biyu da hannu, har idona ya yi kwana uku yana ruwa? Matar nan ta zo tana wani shaƙar ƙauri. Ƙauri ke tafiyar da jirgi? Za a rubuta sunanki a ƙasa, ni kuwa ko oho."

"Na ce mata a sa da naka."

"Kin ce. Ta rubuta?"

Ba ta rubuta ba, Mai Fenti ta sani. Ta miƙa masa wayar da hoton. "Dubi nan. Akwai abin da ka gani ba daidai ba?"

Ya kai hoton kusa da madubinsa, ya bi shi tarago tarago. Ya ce ƙafar na uku tana son mai. Ya ce an tokare da ashana, dabara ce. Da ya zo kan sarƙa sai ya ƙara matso da hoton.

"Wannan aikin matsefata ne," ya ce a hankali.

"'Yar shekara takwas za ta iya?"

Ya mayar mata da wayar. "Ki ji, in da ni ne, me zan yi da kwarangwal ɗinki? Sukurori huɗu ne a ƙasa. In zare injina in sa a aljihu, in bar miki tsatsarki ki kai musu su yi ta shaƙa. Taragon ƙarshe kuwa ko waya ɗaya tawa babu a ciki."

Ta yarda da shi, ba don rantsuwa ba, don bai ma rantse ba. Idonsa ya bi ta kan jar fitilar nan sau biyu bai gan ta ba. Abin da ba ya juyawa, Mai Agogo bai ɗauke shi abu ba.

Baba Direba ta same shi da la'asar a barandar gidansa, jikokinsa na wasa a tsakar gida. Ya sa aka kawo mata kujera. Yana riƙe da kofin ruwa da hannu biyu, duk da haka ruwan na taɓa baki yana komawa.

"'Yata, ba son raina ba ne. Amma amana aka ba ni."

"Na sani, Baba. Kai ma ba ka so aka zaɓi nawa ba."

Ya yi dariya kaɗan. "Shekara ashirin da takwas ina tuƙa na gaske. Ke ko cikinsa ba ki taɓa shiga ba, daga hoto kika san shi. Sai ga shi kin sa farin layin nan daidai inda ruwa ke ɗiga, wurin da ni na manta da shi. Ran nan ban ci abincin kirki ba. To, amma haushi daban, sata daban."

"Baba, jar fitilar da ake sa wa jirgi a baya, ado ce?"

"Ado?" Ya ajiye kofin, ya gyara zama, don an taɓo masa inda yake so. "Ran jirgi ke nan. Mai sigina yana tsaye, jirgi ya wuce, ba kai yake kallo ba, wutsiya yake jira. In ya ga ja, ya san jirgi ya wuce cikakke, sai ya buɗe hanya. In bai gani ba, to tarago ya tsinke yana can kan dogo cikin daji, in aka saki wani jirgin sai gawa. Shi ya sa ko tarago ɗaya aka cire, kafin a yi komai sai an mayar da fitila kan wanda ya zama na ƙarshe."

"Direba ke mayarwa?"

"Ina ruwan direba? Ni gaba na sani. Tsawon aikina ban taɓa ganin bayan jirgina ba sai a kwana. Wannan aikin mai tuta ne. Shi ke zaune a taragon ƙarshe da tutarsa da fitilarsa. In ya manta sau ɗaya, a ranar za a karɓi hularsa." Ya dube ta. "Me ya kawo tambayar?"

"Ina son in san abin da nake fentawa ne."

Ta yi masa sallama. Ta kama hanyar gida. Da ma Mai Agogo ne, da abin ya zo mata da sauƙi. Ta tuna ranar da Baba Mai Tuta ya tsaya yana kallonta tana rubuta allon wani shago, ya ce hannun nan ya fi ƙarfin allo. Shi ya koya mata riƙe burushi mai gashi uku. Kafin zuwanta shi ne mai fentin ɗakin, taragai huɗun nan masu ƙyalli duk nasa ne. Hoton da ta yi aikin taragon ƙarshe da shi ma daga aljihunsa ya fito.

Amma hoto a waya ba shaida ba ce da za ta ka da dattijo a gaban dattawa. Zai ce kowa ya san dokar fitila. Dole su gani da idonsu.

Ranar Juma'a ƙarfe huɗu suka hallara. Ta bar Wushirya a benci a waje tana riƙe da ƙaninta. Baba Direba ya zo da wayarsa a hannu, lambar jami'ar tana kai.

"Kafin ka kira, Baba, mu gyara abin da za a nuna wa yara gobe," in ji Mai Fenti. "Ko ba nawa, a ɗaura tsohon kan jirgin nan kore. Amma ba zai ja huɗu ba."

"Zai ja uku," in ji Mai Agogo. "In an lallaba shi."

Aka fito da taragai fili, aka ɗaura koren kai. Ta sa matsefata ta kwance na huɗu, ta ɗauke shi da fitilarsa da komai, ta ajiye can gefe kusa da gwangwanayen fenti. Ta ajiye matsefatar a bakin tebur. Sannan ta juya ta tsokano Mai Agogo da maganar ƙafar da ke son mai, shi kuwa ya hau, Baba Direba ya shiga, gardama ta kaure a kan wane mai ya fi.

Ita ba ta jin ko ɗaya. Da wutsiyar ido take kallon kujerar kusurwa.

Baba Mai Tuta ya dubi jirgin, ya kau da kai. Ya sake duba. Ya murza gwiwa. Yatsunsa suka fara motsi a kan cinyarsa.

"To, a gwada," in ji Baba Direba, ya kai hannu ga makunni.

"Dakata." Baba Mai Tuta ya riga ya miƙe. Ya ɗauki matsefata, taku biyu ya isa wurin gwangwanaye, ya zare 'yar fitilar, ya dawo ya rataya ta a bayan tarago na uku. Hannunsa ko ɗar. Duka bai kai ƙiftawa biyar ba. "Yanzu saki."

Ba wanda ya saki komai. Mai Fenti ta ajiye wayarta a kan tebur, hoton jiya a buɗe.

"Baba Direba, dubi bayan tarago na huɗu. Haka na same shi jiya da safe. Ni a taragon ƙarshe na rataya fitilar nan ranar Laraba."

Tsohon ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe. Da ya ɗago, ba ita ya kalla ba.

"Wanda ya ɗauka ya kwance sarƙa da matsefata," ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. "'Yata ba ta iya ba, na gwada ta. Kai ma, Baba, ka yafe ni, hannunka ba zai iya ba. Malam zai iya, amma na nuna masa hoton nan bai ko ga fitilar ba, kuma yanzu a gabanku jirgi ya tsaya ba wutsiya, ku biyu kuna gardamar mai. Ɓarawo sauri yake yi. Mutum ɗaya ne zai tsaya cikin sata ya tokare ƙafa, ya mayar da fitila, don jikinsa ba zai bar shi ya juya baya ba."

Baba Mai Tuta ya dubi matsefatar da ke hannunsa kamar wani ne ya sa masa ita.

"Na mayar da ita?" ya ce. "Jiya?"

"Ka mayar, Baba."

"Wallahi ban san na yi ba." Ya koma ya zauna. "Sabo turken wawa."

Ya zaro ɗan makulli daga aljihu ya miƙa wa Mai Agogo, ya nuna akwatin ƙarfensa na zamanin aiki da ke ƙarƙashin kanta, wanda jiya aka duba ko'ina aka tsallake shi don girmamawa. A ciki, naɗe da tsohuwar tuta kore, ga kan jirgi lafiya ƙalau. Ga taragon ƙarshe. Gefensa ɗaya yana nan da tsatsarsa, ɗaya gefen an goge shi da auduga tas, yana sheƙi kamar yau aka fito da shi.

Mai Fenti ta ji kamar an kankare mata fata. Wata biyu ke nan a gefen nan kaɗai.

"Da sassafe na zo," in ji tsohon, idonsa a ƙasa. "Taragona ne. Shekara talatin da ɗaya ina cikinsa. Duk tashar da muka kwana, da bokiti da tsumma nake wanke shi da kaina, ba wanda ya sa ni. Na ba ki hotonsa, kika mayar mini da shi kamar abin da aka tsinto a juji. Kuma aka yi miki tafi. Shekara ashirin ina fenti a ɗakin nan, matar nan ta wuce nawa kamar ta wuce bango."

"A hoton akwai tsatsar, Baba."

"Akwai." Ya dubi taragon. "Shi ya sa na kasa gama gogewa. Na juya ɗaya gefen, sai na ga har inda nake jingina kafaɗa kin sa fenti ya koɗe. Ni ban taɓa iya wannan ba. Na ce in ɓoye su har Asabar ta wuce, a ɗauki nawa, daga baya a tsince su."

"A tsince su a ina?" in ji Mai Agogo. "A jakar yarinya?"

"Kai ma ka yi shiru," in ji Baba Direba. "Bakinka ne ya fara."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai.

Baba Mai Tuta ya juyo wurinta. "'Yata, ki yafe mini."

"Taragon zan gyara, ko zan kwana biyu ban rubuta allo ba. Wannan tsakanina da kai ne, kuma mai sauƙi ne." Ta nufi ƙofa. "Amma ba ni aka kira ɓarauniya ba."

Ta karɓi jaririn, ta riƙo hannun Wushirya ta shigo da ita tsakiyar ɗakin. Yarinyar ta ga kan jirgin a kan tebur, ta dubi fuskokin manya ɗaya bayan ɗaya, ta matso jikin uwarta.

Mai Agogo ya fara. Ya ce ya yi mata zato, bai kyauta ba. Baba Direba ya ce benci nata ne, ɗaki ma nata ne. Sannan aka bar wa mai magana maganarsa.

Baba Mai Tuta ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, da ƙyar, har tsayinsu ya zo ɗaya.

"Jikalle, ni na ɗauka. Ba ke ba ce."

"Ai na san ba ni ba ce."

"Haka ne."

Ta dube shi sosai. "Kana nan aka ce ni ce?"

"Ina nan."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Tsohon ya kau da ido. Hannunsa ya tafi aljihun alewa, ya tsaya a hanya, ya dawo.

"Kunya na ji," ya ce.

"Ni ma na ji kunya," in ji Wushirya. "Kuma ni ban ɗauki komai ba."

Mai Fenti ta buɗe baki za ta ce mata ba a yi wa babba irin wannan magana, kamar yadda aka koya mata ita ma tun tana ƙarama. Ta dubi 'yarta tsaye, kafaɗa a miƙe, ido a bushe. Sai ta rufe bakinta.